Jan Ɗigo a Kusurwar Kati

Shekara goma sha tara na yi a ɗakin kati na babban asibitinmu, kuma ban taɓa ɓatar da katin mutum ko ɗaya ba. Wannan kam ina faɗarsa a gaban kowa. Ɗakin ƙarami ne, taga ɗaya mai waya, kanta huɗu na katako, da fankar da ke juyawa in ta ga dama. Baba Mai Kati ake ce mini, har likitocin da suka girme ni haka suke kira na. Ina da hali, ba na ɓoyewa: ba na son a taɓa mini kanta, ba na kuma son a tsaya mini a ka ina rubutu.

Kogi ne ya raba garinmu biyu. Asibiti da kasuwa da ofisoshi duk suna wannan gefe. Tsallake kuwa gonaki ne da ƙauyuka, sai wani ɗan ƙaramin asibiti mai ɗaki biyu da ungozoma ɗaya tilo. Babu gada. Kwale-kwale ne ke kai mutane ya kawo, shi ma ƙarfe biyar na yamma mai shi yake ɗaure shi, in ruwa ya cika kuwa ko kwance shi ba ya yi. A can autata take aure, kuma a lokacin da wannan abu ya faru tana da cikin fari na wata shida.

Wata Litinin shugaban asibiti ya tara mu ya karanta mana takarda daga ma'aikatar lafiya. An duba rahoton shekara uku na matan da haihuwa ta zo wa da gardama, masu zubar jini da masu jijjiga da waɗanda naƙuda ta yi wa tsawo. An gano cewa a tsallake mace biyar ce kacal cikin dubu ke shiga wannan hali, amma a unguwar bakin ruwa, nan bayan asibiti, mace tamanin ce cikin dubu. Saboda haka ƙarshen wata mai zuwa za a ɗauke ungozomar tsallake a dawo da ita bakin ruwa, inda aka fi bukatarta.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na koma ɗakina ina ta mita, ina cewa masu zama a ofis cikin sanyi sun sake yin halinsu. Mace biyar cikin dubu? Ni da nake ganin matan tsallake da idona, ana sauke su daga kwale-kwale a kan ƙyauren ƙofa? Ko kaɗan ban kawo a raina cewa da hannuna a ciki ba.

Da na je gida na gaya wa uwar yara, sai ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta.

"To Malam, ai sai mu ɗauko ta. In wata takwas ya cika ta dawo nan ta zauna."

Na kira Auta a waya na faɗa mata. Sai ta ce, "Baba, uwar mijina tana kwance, ni ce mai juya ta. Kuma ni kaɗai ce mai ciki a nan? Layinmu kawai mu huɗu ne. Su wa zai ɗauko su?"

Yarinyar nan taurin kai ta gado, kuma na san ba a wajen uwarta ta samo shi ba.

Bayan kwana uku wata matashiya ta tsaya a tagata. Jaka a baya, takalmi duk laka, ba za ta wuce sa'ar babbar 'yata ba. Na miƙa hannu ba tare da na ɗago ba.

"Sabon kati ko tsoho?"

"Ko ɗaya, Baba. Daga ma'aikata nake. Aikina ƙidayar cututtuka, in ga wace unguwa ta fi wace shan wuya. Ni na yi lissafin da aka karanta muku."

Nan fa na ɗago na ƙare mata kallo. Na ce, "Ashe ke ce. Sannu da ƙoƙari. Kin taɓa shiga kwale-kwale kuwa?"

"Ban taɓa ba."

"Na ga alama."

Ba ta ji haushi ba, ko kuma ta ji ta haɗiye. Ta ce ita ma tun da ta miƙa rahoton hankalinta bai kwanta ba, shi ya sa ta roƙi a ba ta kwana tara kafin kwamiti ya sa hannu. Ta nemi izinin shiga. Na so in hana, amma takardar shugaba na hannunta. Na buɗe ƙofa ina ɗaure da fuska, na nuna mata kujerar da ƙafarta ɗaya ke rawa. Tun daga ranar na laƙaba mata 'Yar Lissafi, kuma har yau sunanta ke nan a bakina.

Ta ciro takarda ta ja layi a tsakiya.

"Baba, abin da nake yi ba shi da wuya. Lamba biyu ce. A ƙasan layi ina sa duk matan da suka haihu a unguwa, wannan daga masu allurar rigakafi nake samu, su da ke bin gida-gida. Tsallake dubu ɗaya da ɗari biyu a shekara uku, bakin ruwa ɗari takwas. A saman layi kuma ina sa waɗanda suka sha wuya, wannan daga littafinka nake ɗauka. Tsallake shida, bakin ruwa sittin da huɗu. Sai in raba in ga nawa ne cikin kowace dubu, don in iya gwada babbar unguwa da ƙarama."

"To littafina ba ya ƙarya."

"Ban ce yana yi ba. Amma dubi nan." Ta juyo mini da kwamfutarta. "Gida mai lamba tara, layin bakin ruwa. Cikin sittin da huɗun nan, talatin da ɗaya daga wannan gida suke. Jiya na je na gani. Wani tsohon tela na tarar shi kaɗai da kekensa. Ya ce matarsa ta rasu shekara goma sha biyu ke nan. Na ce masa an rubuta gidansa ya yi haihuwa talatin da ɗaya, ya ce shi dai ba a gayyace shi suna ko ɗaya ba."

Na buɗe baki zan yi dariya, sai dariyar ta maƙale. Na san gidan nan sarai.

Ga yadda abin yake. A katinmu akwai layi ɗaya na adireshi, kuma a ƙarƙashinsa an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa a sa inda mai bibiya zai iya samun majinyaci. Mai bibiyarmu babur yake hawa, babur kuwa ba ya iyo. Duk katin da na rubuta wa tsallake sai ya dawo mini da shi an buga masa "ba a samu ba", mace ta rasa ranar dawowa, ta rasa sakamakon gwajin jininta. Da na gaji, sai na je na sami telan nan, wanda shagonsa ke daidai inda kwale-kwale ke tsayawa. Muka shirya in riƙa rubuta gidansa. Mai bibiya ya kai saƙo wurinsa, shi ya ba mai kwale-kwale, mai kwale-kwale ya isar. Da abin ya yi masa yawa na haɗa da gidan wata mai sayar da kifi da na wani mai faci. Shekara goma sha ɗaya muna haka, saƙo bai taɓa kwana a hanya ba. Ni a wurina dabara ce na yi, har ina yabon kaina. Shidan da suka fito a matsayin 'yan tsallake kuwa su ne waɗanda ungozoma ta turo da takarda, na kwafe adireshin yadda ta rubuta.

Na zayyana wa 'Yar Lissafi duk wannan, muryata na sauka a hankali. Da na kai ƙarshe na ce, "Wato ni ne na kwashe matan tsallake na zuba su a bakin ruwa."

"A takarda, e."

"Wato ni ne zan ɗauke wa 'yata ungozoma."

Ta dube ni. Ba ta san da zancen Auta ba sai a lokacin. Na yi zaton za ta ce kada in damu, kamar yadda mutane ke yi, amma ba ta ce ba. Sai ta ce, "Saura kwana shida. Akwai yadda za a gane wacce ce ta tsallake a cikin sittin da huɗun nan?"

"Na san su. Ki kira suna in gaya miki ƙauyensu."

"Na yarda ka san su, Baba. Kwamiti ne ba zai yarda ba. Za su ce tsoho ne yake son a bar wa 'yarsa ungozoma, kuma ba zan ga laifinsu ba."

Maganar ta yi mini zafi, don gaskiya ce. Na tashi na shiga zaro katunan ɗaya bayan ɗaya ina dire su a kan tebur da ƙarfi fiye da yadda ya kamata. Ita kuma tana ɗauka tana jerawa. Ban hana ta taɓawa ba, ranar ba ni da bakin hana kowa komai. Can sai na ga ta raba su gida biyu, tana ɗaga wani tana kallon kusurwarsa a hasken taga.

"Wannan jan ɗigon na mene ne?"

"Ba na komai ba ne. Nawa ne."

"Na me?"

"Na kwale-kwale. Duk wadda ta fito daga tsallake ina ɗiga mata jan biro a kusurwa. In nas ta gani sai ta fara kiranta, don ta gama ta kama jirgin ƙarfe biyar. In ba haka ba a bakin ruwa za ta kwana da ciwo."

"Tun yaushe kake yi?"

"Tun kafin in fara rubuta gidan tela."

"Kowacce?"

"Ke 'yar nan, na ce miki kowacce."

Ta ajiye katin a hankali kamar ƙwai. Ta ƙirga masu ɗigo, arba'in da takwas. Marasa ɗigo, goma sha shida. Ta dube su, sannan ta ce, "Baba, ka san abin da ka yi? Ka ɓata layi ɗaya, ka kuma ajiye mana maganinsa a kusurwa."

Na ji sanyi a raina, har na fara gyara zama. Sai ta ƙara da cewa, "Amma sai na gwada ɗigon."

"Ki gwada me? Ɗigona?"

"Ba a yarda da ma'auni sai an gwada shi. Ko nawa ne haka zan yi."

Na ce mata wannan raini ne. Ta ce ta ji, amma dai za a gwada. Marasa ɗigon goma sha shida suna kusa, duka za ta bi. Masu ɗigo kuwa lokaci ba zai isa a bi arba'in da takwas a ƙauyuka ba, don haka za a zaɓi ashirin. Na miƙa hannu zan zaɓo mata, ta janye katunan.

"In ka zaɓa, waɗanda ka fi tabbata da su za ka ɗauko, ko ba ka yi niyya ba. In na zaɓa, na kusa da hanya zan ɗauko. Ara mini hularka."

Ta rubuta lambobi a 'yan guntayen takarda ta nannaɗe ta zuba a hulata, ta kira wata mai shara da ke wucewa ta ce ta rufe ido ta ɗebo ashirin. Ni dai ina tsaye da sanƙona a waje, mai shara na ta ƙunshe dariya. A shekara goma sha tara ba wanda ya taɓa ganin tsakiyar kaina a asibitin nan sai ranar.

Washegari da safe muka shiga kwale-kwale. Ta riƙe gefen jirgi da hannu biyu, idonta a rufe, bakinta na motsi. Na ce, "Ki buɗe ido ki ƙirga ruwan mana, ko nawa ne cikin dubu." Ta ce in bari sai mun sauka za ta ba ni amsa. Kwana uku muka yi muna zuwa muna dawowa, muna bin hanyoyin gona da ƙafa, ni da gwiwata mai ciwo. A kowane gida ita ke tambaya, ni ta ce in yi shiru kada in sa wa mutane magana a baki. Yin shirun ya fi mini tafiyar wuya.

Cikin ashirin, goma sha tara muka same su a tsallake, ko muka sami danginsu. Ɗaya ba wanda ya san ta. Da na sake duba katin sai na tuna: wata gurguwa ce 'yar bakin ruwa, na ɗiga mata ja ne don kada ta daɗe a layi. Cikin marasa ɗigo kuma ɗaya ta fito 'yar tsallake, an yanka mata kati a makon da na tafi hutu. Na ce tunda ɗaya ta fita ɗaya ta shigo, ai sai a bar zancen. 'Yar Lissafi ta ce a'a, duka biyun za ta rubuta, don wanda ya faɗi inda ma'auninsa ke kuskure shi ake yarda da sauran maganarsa.

A rana ta uku muka biya ta wurin ungozoma. Mace ce gajera mai faɗin kafaɗa, ba ta da yawan magana. Mun tarar tana tafasa almakashi a kan risho, kayanta kuma rabi a ɗaure cikin kwali, tana jiran ranar tashi. Auta na zaune a benci ta zo awo, ƙafafunta sun ɗan kumbura. Ta gaishe ni tana dariyar ganin lakar da ke wandona.

'Yar Lissafi ta tambayi ungozoma, "Anti, akwai waɗanda abin ya same su amma ba su kai ga jirgi ba?"

Ungozoma ta goge hannu a zaninta. Ta shiga lissafo su da yatsu, matar wane ta ƙauye kaza, 'yar wane ta bayan gonar rake, har ta kai bakwai. Uku sun tashi, huɗu ba su tashi ba.

"Suna wani littafi?"

"Wa zai rubuta? Ba su zo nan ba, ba su je can ba. Ni dai na je wankan gawa."

'Yar Lissafi ta rubuta su a wani shafi daban. A jirgi muna dawowa ba ta rufe ido ba, kuma ban tsokane ta ba.

Ana gobe kwamiti ta zo ɗakin kati da rahoton a buge. Ta ce, "Ga yadda ya koma. Tsallake wajen arba'in da biyar cikin dubu, ko da ɗigon ya yi kuskure nan da can ba zai sauko ƙasa da arba'in ba. Bakin ruwa ashirin, daidai da sauran gari. Macen tsallake ta ninka ta nan gefe haɗari fiye da sau biyu, ban da bakwan da ba a rubuta ba." Ta miƙo mini takardar. "Na rubuta cewa matsala ce ta tsarin rajista. Ban sa sunanka ba. Saura shekara biyu ka yi ritaya, ba na so a ɓata maka fayil."

Na karɓa na karanta a hankali, ina bi da yatsa. Na ce, "In suka tambaya wa ya yi ɗigon, me ya sa aka yi shi, me za ki ce?"

"Zan ce wani ma'aikaci."

"Sai su ce wane ne, ke kuma ki fara kame-kame, su ce a dakata a yi bincike. Kafin a gama bincike an ɗauke matar nan. 'Yata, na gode, Allah ya yi miki albarka. Amma hannuna ne ya rubuta, bakina ne zai faɗa."

Ba jarumta ba ce, kada wani ya ɗauka haka. Tsoro nake ji sosai. Da safen nan sau biyu na ɓalla maɓallin riga a ramin da ba nasa ba, sai da uwar yara ta gyara mini.

Mutum biyar ne a kwamitin, da shugabanmu na shida, ga robobin ruwa a gabansu. 'Yar Lissafi ta yi bayaninta, ta jera katunan a tebur gida biyu. Da ta zo kan gidan tela wani ya yi dariya, amma babban cikinsu, wani mai farin gilashi, bai yi ba. Ya ce, "Wa ya ba da izinin rubuta adireshin da ba na gaskiya ba?"

Na miƙe. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba wanda ya ba da. Ni na yi, shekara goma sha ɗaya." Na faɗi dalilina ba ƙari ba ragi. Shugabanmu ya dafe kai yana kallona kamar yau ya fara ganina.

Mai gilashi ya ce, "Ka san saura kaɗan ka sa mu yanke hukunci a kan ƙarya?"

"Na sani yanzu, ranka ya daɗe. A da ban san akwai mai karanta layin nan ba in ban da mai babur."

Sai 'Yar Lissafi ta nemi magana. Ta ce, "Yallaɓai, katin da muka buga muka aiko musu cewa ya yi a rubuta inda za a sami majinyaci. Abin da ya rubuta ke nan, kuma ana samun su. Mu ne muka ɗauki layin muka yi amfani da shi a matsayin inda mace take zaune, ba mu tambayi kowa ba. Ni na yi lissafin ina zaune a ofis, ban taɓa ganin kogin ba. In za a rubuta wa wani takarda, a fara da ni."

Ba zan manta da wannan ba har in koma ga Allah. Yarinya ce da ke farkon aikinta, ba ta haɗa komai da ni ba, na kuma tarbe ta da baƙar magana. Da ta yi shiru ba wanda zai ce ta yi laifi.

Duk da haka takardar gargaɗi ta zo mini, ta farko a rayuwata, ita ma an ba ta tata. Na ninke tawa na sa a aljihu, ta yi mini ciwo, ba zan ce ba ta yi ba. Bayan mako biyu wata takardar ta biyo baya: ungozoma za ta zauna a tsallake. An kuma sake buga kati da layi biyu, ɗaya na inda mutum yake zaune, ɗaya na inda za a kai masa saƙo. 'Yar Lissafi ta nemi a ƙara ungozoma ta biyu da jirgi mai inji, aka ce za a duba. Har yanzu ana dubawa.

Watan haihuwar Auta ya kama a tsakiyar damina. Kwana biyu ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, kogi ya cika ya haura har gindin shagon tela, mai kwale-kwale ya ja jirginsa kan tudu ya kife shi. Ranar Laraba da hantsi ina yanka wa wani kati sai wayata ta yi ƙara. Mijinta ne.

"Baba, ta sauka, namiji. Amma jini ya ƙi tsayawa."

Ban san lokacin da na bar taga a buɗe ba. Na tsinci kaina a bakin ruwa, ina kallon jan ruwa na wucewa da itatuwa. Na roƙi mai kwale-kwale, ya ce ko ɗansa ne a can ba zai saka jirgi ba, kuma na san gaskiyarsa. Tela ya fito mini da kujera ya ajiye a ƙofar shago. Ya daina taka kekensa. Ina iya hango rufin ɗan asibitin nan daga inda nake zaune, ƙarami kamar akwatin ashana. Na kira wayar mijin sau bakwai ba a ɗauka ba. Na san adadin, arba'in da biyar cikin dubu, na kuma san huɗun da ba su tashi ba. A ranar na yi da-na-sanin koyon lissafi.

Rana ta take tsaka wayar ta yi ƙara. Muryar ungozoma ce, a gajiye.

"Baba Mai Kati? Ya tsaya. Na yi mata allura biyu, na danna mahaifa har ta kama, ga ruwa ina ƙara mata. Ta buɗe ido, tana tambayar abin da ta haifa."

Na ce, "Malama," sai ta katse ni. Ta ce tana da aiki, ta kashe wayar. Tela ya miƙo mini wani ƙyalle daga ragowar ɗinki na share fuska.

Sai da aka kwana uku ruwa ya ja muka haye, ni da uwar yara. Auta ta yi fari fat, amma tana zaune tana shayarwa, har da ƙarfin yi mini tsiya wai jaririn ya ɗebo sanƙona. Na sami ungozoma a bayan ɗaki tana shanya zannuwa. Na yi ta jero godiya, ita kuma tana ta matse zani. Da na gama ta ce, "Minti ashirin ne tsakani. Da babu kowa a ɗakin nan, da ba wannan maganar muke yi ba." Ta ci gaba da shanyarta.

Daga nan na koma gindin wata bishiya inda waya ke kamawa na kira 'Yar Lissafi. Tana wani gari, ina jin hayaniyar masu jiran kati a bayanta. Na gaya mata duk abin da ya faru. Na ce, "'Yata, ban da abin da zan ba ki. Kin zo kin duba inda ba wanda ya sa ki dubawa, kin kuma tsaya mini a inda ba dole. Yarinyar nan tana raye, kuma da hannunki a ciki. Na gode. Allah ya sa a yi miki abin da kika yi mini."

Na ji ta ja hanci ta ce, "Amin, Baba. Barka da arziki." Can kuma, da yake hali ba ya ɓuya, ta ce, "An rubuta ta kuwa? Zubar jini bayan haihuwa ne, dole ta shiga lissafi. Za ta ƙara wa tsallake ɗaya."

Na ce, "Ki ƙara, 'yata. Ki dai sa ta a layin waɗanda suka tashi."